Hunturu, siminti da keke: yadda ɗan tseren sha'awa ke shiri a Tamale

Duk wanda ya taɓa kwana a Tamale ya san garin keke ne. Tun kafin babura da 'yan yalo-yalo masu ƙafa uku su cika titi, keke ne dokin talakan wannan gari. Shi ke kai manomi gona, shi ke kai yaro makaranta, shi ke ɗauko buhun masara daga ƙauye zuwa kasuwar Aboabo. Manyan titunanmu ma an ware musu 'yar hanya a gefe domin masu keke, abin da ba kasafai ake gani a sauran biranen Gana ba, ko da yake yanzu masu babur da masu kasa kaya sun raba ta da mu, sun ɗauki babban kaso.

To amma a garin da kowa ya iya keke, abu ne mai wuya ka gamsar da matashi cewa akwai wani abin koyo a cikinsa. Ni malamin makaranta ne a unguwar Changli, kuma ɗan tseren keke na sha'awa, wato irin wanda ba a biyansa ko sisi, shi ke sayen tayarsa daga albashinsa. Shekarun da na yi a wannan harka sun nuna min cewa yawancin samarinmu horo iri ɗaya suka sani: a fito da safe, a taka da iya ƙarfi har sai numfashi ya sarƙe, gobe ma a sake. Duk fita tsere ce. Wanda ya riga isa Savelugu shi ne gwani na ranar. Haka za su yi wata biyu ko uku, sai ka ji wane gwiwa ta hana shi tsugunno, wane ya rame, wane ya jingine keken ya koma ƙwallo. Akwai wani yaro da na koyar, dogo, mai huhu kamar na raƙumi, wanda duk ƙungiyarmu ba mai iya bin bayansa. Bai kai shekara ashirin ba ya daina, saboda ciwon gwiwa da ya ƙi warkewa. Har yau idan na gan shi yana jan yalo-yalo sai raina ya sosu. Saboda irinsa ne nake wannan rubutu.

A wurina shekarar keke tana rufewa ne idan an gama Tour du Faso, babbar gasar maƙwabtanmu na Burkina Faso, wadda aka fara a 1987 kuma aka saba yi daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ba ni da ƙafar shiga irin wannan gasa, a waya nake bin ta kamar kowa. Amma ta zame min alama. Daga nan har zuwa ruwan farko, kusan wata biyar, ba na neman wuce kowa a hanya. Waɗannan watanni su ne na gini.

Tsarin darasi, amma na ƙafa

A kwalejin horon malamai abu na farko da aka cusa mana shi ne kada ka shiga aji ba tare da tsarin aikin zango ba. Ba ka fara wa yaro da rabawa kafin ya iya tarawa, kuma ba ka yi masa jarrabawa kullum don kawai kana son ya ci ta ƙarshe. Da na fara karanta yadda masu horar da 'yan wasa ke aiki, sai na ga ai abin da muke yi ne a makaranta. Wani masanin tsohuwar Tarayyar Sobiyat, Lev Matveyev, shi ne ya shahara da tsara wannan tunani a shekarun 1960: a raba shekara gida-gida, kowane gida da aikinsa, a fara da mai yawa mara tsanani, a ƙare da kaɗan mai tsanani. Tudor Bompa, mutumin Romaniya, ya yaɗa shi a ƙasashen Yamma, sannan irin su Joe Friel na Amurka suka sauƙaƙa shi ga masu keke na sha'awa.

Matsalar ita ce duk waɗannan littattafai an rubuta su ne domin mutanen da sanyi da ƙanƙara ke korawa cikin ɗaki daga Disamba zuwa Fabrairu. Mu nan ba ƙanƙara. Abin da muke da shi hazo ne da ƙurar hunturu, sai zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40, sai kuma azumi a tsakiya. Wanda ya kwafo jadawalin Bature daga intanet ya ce zai bi shi harafi da harafi a Tamale, to zai sa atisayensa mafi tsanani daidai lokacin da kwalta ke narkewa. Dole ka ɗauki hikimar ka sake ɗinka ta daidai jikin garinka.

Ga yadda nawa yake, a cikin wani tsohon littafin rajista da na ja wa layi da jan biro. Makonni biyu na ƙarshen Nuwamba hutu ne zalla. Keke sai na zuwa makaranta da kasuwa. Wannan hutun ya fi komai wahalar karɓuwa ga samari, don gani suke ƙarfinsu zai tsiyaye. Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, tafiya mai nisa a hankali da ɗaga ƙarfe sau biyu a mako. Fabrairu a fara sa gudu kaɗan-kaɗan. Kowane mako uku ina ƙara aiki, na huɗu in rage kusan rabi, domin jiki ba ya ƙaruwa a lokacin da ake gana masa azaba, sai lokacin da aka bar shi ya gyara abin da aka ɓata.

Tafiyar da samari ke rainawa

Wannan "a hankali" ita ce ta fi jawo min dariya a hanya. Wani masani ɗan Amurka mai koyarwa a Norway, Stephen Seiler, ya bibiyi yadda manyan 'yan wasan juriya ke horo, masu gudu da masu keke da masu tuƙa kwalekwale, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne, kashi 20 ne kawai mai tsanani. Zakarun duniya kenan fa. Mu kuwa a nan mun juya lissafin.

Su suna da na'urar auna ƙarfin ƙafa da ake ɗaurawa a feda, wadda kuɗinta zai cinye albashin malami ya nemi ƙari. Ni ma'aunina baki ne. Idan ina tafiya zan iya yi wa na kusa da ni cikakkiyar magana ba tare da na tsaya jan numfashi ba, to ina daidai. Idan maganar ta fara yankewa biyu-biyu, na wuce gona da iri, sai in sassauta. Ma'auni na biyu shi ne bugun zuciya da asuba. Kafin in tashi daga shimfiɗa nakan sa yatsa a wuya in ƙirga na minti ɗaya in rubuta. Idan na ga kwana biyu a jere ya haura yadda na saba da shi sosai, ranar ba keke, ko jadawali ya ce me.

Ranar Asabar ce ta doguwar tafiya, awa uku, daga baya ta kai huɗu. Hanyar Bolgatanga ta fi santsi: ka wuce mahaɗar filin jirgin sama, ka kai Savelugu mai nisan kusan kilomita 25, ka zarce Pong-Tamale, in ƙafa ta yarda har Diare, sannan ka juyo. Sai dai hanyar nan ita ce ta manyan motocin dakon kaya da ke tasowa daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa Burkina Faso, kuma a cikin hazon Janairu direba ba ya hango mai keke sai ya zo gab da shi. Ga hayaƙin gobarar daji da ke rufe titi a wasu wurare. Don haka ba na fita sai gari ya waye sosai, da riga mai haske, da jar fitila a baya ko da rana ce, da hular kwano. Ranar da hazo ya yi kauri har ba na ganin ƙarshen layinmu, sai in canja zuwa hanyar Nyankpala ko ta Kumbungu, ko ma in haƙura. Ƙurar nan ba wasa ba ce ga mai shaƙar iska awa uku da buɗaɗɗen baki. Man kaɗanya a leɓe da cikin hanci, ƙyalle a fuska idan babbar mota ta wuce.

Wani abokin tafiyata, tela ne, ya taɓa ce min a hanya, "Ticha, wallahi kunya nake ji. Dazu wani tsoho da Phoenix da damin itace ya wuce mu." Na ce masa, "Bar shi ya wuce, Masta. Shi kasuwa za shi, mu Mayu za mu." Ya yi dariya har ya kusa faɗawa kwata.

Kuma kar mai karatu ya ɗauka Asabar ɗin tana samuwa kullum. Wanda ya san Tamale ya san ƙarshen mako na biki ne da suna da addu'ar mamaci, kuma ba ka ce wa dangi kana da atisaye. Idan Asabar ta tafi, ta tafi. Ba na haɗa ta da ta Lahadi don in rama.

Bokitin fenti da siminti

Yanzu ga inda na fi son in daɗe, domin nan ne aka fi yi mana gardama. Masu keke da yawa sun yi imani ɗaga ƙarfe yana sa mutum nauyi, ya ɗaure masa ƙafa. Ranar da mai walda ya kawo min sandar ƙarfe gida, na cika bokitan fenti biyu da siminti na soke ta a ciki, Mma ta tsaya ta dube ni ta ce, "Kai kuma maco za ka zama? Malamin makaranta guda, so kake 'yan siyasa su ɗauke ka aikin zaɓe?" Duk wanda ya san irin aikin da ake sa ƙartin nan masu faffaɗan ƙirji idan zaɓe ya zo a Gana, ya san dalilin tsoronta. Na ce, "A'a Mma, na ƙafa ne." Ba ta gamsu ba sai da ta ga wata uku sun wuce rigunana ba su matse ni ba.

Hujjar ɗaga ƙarfe ga mai keke tana da ƙarfi. Wani mai bincike a Lillehammer ta Norway, Bent Rønnestad, da abokan aikinsa sun sa ƙwararrun masu keke ɗaga nauyi sau biyu a mako na tsawon mako 12, a kan atisayensu na kullum. Gwajin da suka yi musu ya burge ni, domin ya yi kama da tsere na gaske: a tuƙa kusan awa uku a matsakaicin gudu, sannan a ce to ga minti biyar, a ba da duk abin da ya rage. Waɗanda suka ɗaga ƙarfe sun ƙaru a waɗannan mintuna biyar na ƙarshe. Ai nan ne ake cin tsere ko a faɗi. Kowa gwani ne a kilomita goma na farko. Bayanin a sauƙaƙe shi ne, idan tsokar cinya ta ƙara ƙarfi, kowane taku yana cin ƙaramin kaso na abin da take iyawa, don haka tana jimawa kafin ta gaji.

Akwai dalili na biyu wanda ya shafe mu musamman. Tamale fili ce shimfiɗaɗɗiya, tsayinta daga teku bai kai mita 200 ba, ba mu da dutsen da za mu hau. Biniam Girmay na Eritrea, wanda ya ci zango uku da koriyar riga a Tour de France na 2024, a Asmara ya tashi, sama da mita 2,300, inda duk hanyar da ka bi ko hawa ce ko gangara. Gasar duniya da aka yi a Kigali ta Ruwanda a Satumban 2025, karo na farko a Afirka, tseren maza ya ƙunshi hawan da jimillarsa ta wuce mita 5,000, Tadej Pogačar ya cinye. Yaron Changli da bai taɓa hawa abin da ya fi gadar sama ta tsakiyar gari ba, ina zai samo wannan ƙarfi? Dutsensa shi ne bokitin siminti, sai kuma iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas. Idan ka nufi Savelugu da safe tana dukan ƙirjinka, ka sa giya mai nauyi ka yi minti biyar biyar kana takawa a zaune, ka sami abin da ya yi kusa da hawa.

Dalili na uku ƙashi ne da baya. Keke ba ya dukan ƙashi kamar gudu ko ƙwallo, shi ya sa aka sha samun masu keke da yawa da ƙarancin ƙwarin ƙashi. Ɗaukar nauyi yana taimakawa a nan. Sannan mutumin da zai yi awa huɗu a sunkuye yana buƙatar ƙugu da ciki masu riƙe shi, in ba haka ba baya ne zai fara kuka kafin ƙafa.

Atisayen kansa ba shi da yawa. Tsugunno da sanda a kafaɗa. Ɗaga sanda daga ƙasa da miƙaƙƙen baya. Hawa benci da ƙafa ɗaya riƙe da galan na ruwa a kowane hannu, wanda na fi so saboda feda ma ƙafa ɗaya-ɗaya ake taka ta, kuma nan take yake tona asirin ƙafar da ta fi rauni. Sai dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar katako, na minti ɗaya. Makonni uku ko huɗu na farko da nauyi kaɗan nake yi, sau 12 zuwa 15, don jijiyoyi da gaɓoɓi su saba, don kuma jiki ya koyi tsayuwar daidai. Bayan nan sai in ƙara nauyi in rage yawa: sau 5 ko 6, in huta minti uku, in maimaita har zagaye uku ko huɗu. Hutun nan na tsakani yana cikin aikin. Wanda ya yi ta yi babu tsayawa har gumi ya jiƙe shi, wani abu daban ya yi.

Bokitai na kan kai su wurin mai sikeli a kasuwa a auna min, in rubuta nauyin a jiki da fenti, domin abin da ba ka auna ba ba za ka san ko yana ƙaruwa ba. Gargaɗi ɗaya ga mai son gwadawa: siminti ba shi da tausayi, kuma ba shi da abin tarewa idan ƙafa ta gaza a ƙasa. Kada ka yi tsugunno mai nauyi kai kaɗai. Ni ƙanena ke tsaya min a baya. Yaran makaranta da ke leƙowa ta katanga suna son shiga kuwa, nauyin jikinsu kawai nake bari su yi da shi, sai sun iya tsugunno mai kyau gwiwa ba ta karkata ciki.

Duk wannan aiki a kan tukunya yake tsaye. Mai ɗaga nauyi yana buƙatar abinci mai gina jiki, kimanin giram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa a rana, kamar yadda masana abincin 'yan wasa ke cewa. Ga mai kilo 65 irina, giram ɗari da 'yan kai kenan, alhali ƙwai ɗaya giram shida ne kacal. Garin gwangwani da ake tallatawa a Facebook ba na mai albashin malami ba ne. Wake da shinkafa da ƙwai, tubani, ƙosai, wagashi, ƙuliƙuli, busasshen kifi a miyar ayoyo, fura da nono bayan doguwar tafiya, zabo idan wata ya yi kyau. Da waɗannan ake haɗa lissafin, kuma yana haɗuwa.

Sai azumi da bazara

A 2025 azumi ya cinye watan Maris, a 2026 ya kama daga bayan tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kusan kwana 11, yana shigowa cikin hunturu. Wannan na nufin jadawalin bara ba zai yi bana ba, dole a sake zama da kalanda. Ni dokata ita ce a watan azumi ba a gini, tsaron abin da aka gina ake yi. Keke na minti 40 zuwa awa ɗaya a hankali gab da magariba, yadda zan sauka ruwa na jirana. Ƙarfe sau ɗaya a mako bayan tarawihi, da nauyin da na saba amma zagaye biyu kawai. Sau ɗaya a mako ya isa ya riƙe ƙarfin da aka tara na tsawon lokaci, kuma haka nake ci gaba da yi ko bayan tsere-tsere sun dawo. Goman ƙarshe kuwa barci ma bai isa ba, balle atisaye.

Bayan salla zafi ne ke mulki. A nan ne jadawali ke cewa a yi gudu mai tsanani, minti huɗu da ƙarfi, minti huɗu a huta, sau biyar ko shida. Ba na yin sa sai da sassafe kafin in tafi aji, kuma ranar Asabar ƙarfe tara da rabi ta same ni a gida. Nakan hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, domin duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita, wato ledar ruwa biyu. Gora ɗaya ruwa zalla, ɗaya da garin gishiri da sukari irin na masu gudawa da ake sayarwa a kantin magani. Idan kai ya fara sarawa, ko sanyi ya kama ka cikin rana, ko gumi ya ɗauke, ka nemi inuwar darbejiya mafi kusa ka sauka, ka nemi taimako.

Wasu kan tambaye ni, mutum mai iyali da aji cike da yara da takardun da zai duba, me zai kai shi wannan wahala tunda ba kofi zai ci ba? Nakan ba su labarin Christopher Symonds, wanda ke aikin tsaron ƙofa a majalisar dokokin Birtaniya. Zuwa aiki da dawowa a kan keke shi ne babban ɓangaren atisayensa, kuma ya wakilci Gana a gasar ƙasashen Commonwealth ta 2022 a Birmingham yana da shekara 48. Bai zo kusa da na ɗaya ba, amma tutar Gana ce a jikinsa.

Nawa burin bai kai can ba. A shafin ƙarshe na littafin rajistar na rubuta Bolgatanga, kusan kilomita 160 daga nan, a yini ɗaya, bayan ruwan farko ya kwantar da ƙura. Mu huɗu ne za mu tafi: ni, da tela, da wani ma'aikacin jinya, da wani yaro ɗan shekara 17 da mahaifinsa ya ba ni amanarsa bisa sharaɗin ba zai taɓa karatunsa ba. Shi ne ya fi mu duka ƙafa, kuma shi ne har yanzu nake riƙe wa riga duk Asabar idan muka hango Savelugu.